Barcin Rana na Achiel Mai Burodi

Duk wanda ya tashi a layinmu a garin Tielt ya san dokar Godelieve, daga an ci abincin rana har la'asar ba a buga ƙwallo a ƙofar shagon burodi, ba a danna ƙararrawar keke, ko kare ne ya yi haushi sai ta leƙo ta taga ta ɗora yatsa a baki. Mijinta Achiel yana barci. Shi tun yana saurayi dare ne ranarsa, mutane na kwanciya shi yana kwaɓa fulawa, gari na wayewa ya cika kanta da burodi mai zafi ita kuma ta tsaya sayarwa, da rana ya hau sama ya kwanta. Haka suka yi aure haka suka tsufa, har suka rufe shagon amma jikinsa bai san an rufe ba. 'Yarsu Marleen kan ce ita da takalmi a hannu ta girma, don kar ƙarar takunta ta tashe shi.

To bara da sanyi ciwon huhu ya kama shi, kafin ka ce me an kai shi asibiti, ɗakin da ake kwantar da waɗanda ciwo ya yi wa tsanani, ɗakin nan fitila ba ta mutuwa, na'urori sai ƙara, ana shigowa ana fita ana ɗibar jini. Likita ya yi musu bayani wai a nan dare da rana rikice wa mutum suke yi har hankali ya gushe, shi ya sa da rana ake buɗe labule ana so dangi su riƙa yi masa hira. Lokacin ziyara kuwa bayan abincin rana ne, daidai lokacin barcin Achiel.

Godelieve ba abin da take so irin ta ji muryarsa, ko tsiyar da ya saba yi mata ce wai kofin da take dafa masa kamar ruwan wanki. Kullum sai ta zo da gashinta a gyare ta same shi idanu a rufe, ta ja kujera a hankali ta zauna ta naɗe hannu.

Nas ɗin rana, wata Femke, ta ce, "Mama, tashe shi mana, in ya yi barci yanzu dare zai zo ya rikice mana."

"Yarinya, rage murya. Ranar da naƙudar Marleen ta kama ni da rana jira na yi ya farka, yau ne zan fara?"

Marleen ta tambaye ta wai dubiya ta zo ko gadi, uwar ta harare ta ta nuna mata ƙofa. A ganinta barci magani ne, mutumin da bai taɓa ƙoshi da shi ba a bar shi ya yi, in an sallame shi hira ai sai sun gaji.

Da safe kuma in ta buga waya labari ɗaya ake ba ta, wai ya farka cikin dare yana fizge wayoyin jikinsa yana cewa burodi na ƙonewa a tanda, sai da aka yi masa allura. Allurar ta ƙara masa nauyin barcin rana. Da abin ya ishe ta ta roƙi a bar ta ta kwana wajensa, aka ce sai ƙarshen mako in ɗakin ya rage cika, ta je gida ta goge rigar da za ta sa. Ranar Alhamis numfashinsa ya gaza aka sa masa bututu a maƙogwaro aka kwantar da shi da magani, daga nan bai sake buɗe ido ba har ya cika.

Da ta je ɗaukar kayansa da sassafe ta ci karo da Dries, nas ɗin dare, zai tafi gida. Ya yi mata gaisuwa, ya ce ai ba kullum Baba yake rikice ba, wani lokaci garau yake farkawa ya tambaya ko ta zo.

"Na ce masa kullum kina zuwa. Sai ya yi dariya ya ce, wannan tsohuwar ko gobara ake ba za ta tashe ni ba, ka ce mata na ba ta izini, gobe ta girgiza ni."

Godelieve ta ce ita ba wanda ya faɗa mata. Dries ya ce wallahi ya faɗa wa masu karɓarsa da safe, ranar an kawo masu hatsarin mota wuri ya hargitse, ya ɗauka saƙon ya iso.

Ta tambaye shi wace rana ce.

Ya ce Talata.

Ta tuna Talatar, ta zo har da wuri, hannunsa na gefen gado a buɗe ta so ta riƙe ta fasa don kar ya motsa. Ta zauna a bencin da ke bakin ɗakin da jakar kayansa a cinya, Marleen na ta kiran wayarta daga mota ba ta ɗauka ba.