Almakashin Lume da harshen Petrit

Duk wanda ya ce muku Lume ta yanke harshen tafinta da almakashi a tsakiyar kotu, ta jefa shi a kwalbar kabeji mai tsami, ku ce masa ya ji tsoron Allah. Na ji zancen a bakin masu dakon kifi, na ji shi a shagon aski, har wata tsohuwa ta rantse mini ta ga harshen yana motsi a cikin kwalbar, yana ta fassara. Ƙarya ce tsagwaronta. Harshen Petrit na nan a bakinsa, jiya ma na gan shi yana lasar askirim da shi. Almakashi kam akwai shi a zancen, wannan ba zan musa ba.

Lume 'yar kawuna ce, abokiyar wasana. Tun da ƙuruciyarta ta ƙetaro teku daga Albaniya zuwa nan Italiya, ta bar ɗanta Gezim a hannun kakarsa, ta shiga gidan burodi tana murza ƙullu tun kafin zakara ya farka. Yau damtsenta ya kai cinyar ɗan sanda. Italiyancinta kuwa bai wuce na fulawa da gishiri da zagin direban bas ba.

Gezim ya girma a can ƙauye lafiya lau, sai baffansa ya harbe wani ɗan gidan Marku a kan ruwan shayar da gona. A tsaunukanmu jini ba ya bin ƙasa a banza. Duk namijin gidan mai laifi ya zama abin farauta da zarar ya taka waje. Yaro ya zauna a ɗaki har fatarsa ta koma kamar cuku, ran da ya leƙa ƙofa aka sakar masa harsashi a kafaɗa. Ya gudo wurin uwarsa. Hukuma ta hana shi zama, aka ɗaukaka ƙara zuwa kotun baƙi.

Da Lume ta ga wanda aka kawo ya yi tafinta, sai da ta yi ajiyar zuciyar da ta kusa kashe fanka. Petrit ne, kumbar ɗinta, wato mutumin da ya yi wa Gezim askin fari yana jariri. A wurinmu, wanda ya yi wa ɗanka wannan aski ya fi ɗan'uwa na jini. Ba a ɗaga masa murya, balle a kai ƙararsa. Almakashin ranar ma yana naɗe a ƙasan akwatinta.

Gezim ya yi magana har muryarsa ta dushe. Ya kira sunan Marku ya fi a ƙirga, ya janye riga ya nuna tabo. Petrit ya juya ga alƙali ya faɗi 'yan kalmomin da ba su kai tsawon atishawa ba. Lume ba ta jin yaren shari'a, amma suna suna ne a kowane baki, kuma ba ta ji Marku ya fito daga bakin Petrit ko sau ɗaya ba.

Hukunci ya zo: rigimar maƙwabta ce a kan gona, yaro ya koma gida.

Lauyarsu, wata siririya mai suna Ornella, ta ce hanya ɗaya ta rage. A shigar da ƙorafi a kan tafintan, da suna, da sa hannu, kafin wa'adi ya cika ranar Juma'a. Gezim ya sunkuyar da kai.

"Inna, ba zan kai ƙarar hannun da ya aske ni ba. Gara in koma."

"Ka koma ina? Kabari?"

Ran Alhamis ta sa baƙar rigarta ta tafi gidan Petrit. Ya tarbe ta da kofi a ƙaramin kofin baƙi. In ta kurɓa, magana ta mutu, don ba a shan kofin mutum a fita a tona shi. Ta zuba wa kofin ido, kofin ma ya zuba mata.

"Sha mana, uwar Gezim. Zai huce."

"Kumbar, ina ka kai sunan Marku?"

Ya juya cokali.

"'Yata tana aure a gidansu, kin sani. Da 'ya'ya uku. In sunansu ya shiga takardar kotu ta bakina, wa zai tsaya mata?"

"To wa zai tsaya wa nawa?"

"Ki yi haƙuri, za a samu wata hanya."

"Haƙuri ba ya tare harsashi."

Ta warware ƙyalle, ta ajiye almakashin kusa da kofin da ba ta taɓa ba, ta fita. A wurinmu, mayar da almakashin nan yanke zumunci ne. Matarsa ta biyo ta har tsani tana cewa, "Lume, kin san me kika yi kuwa? Ba mai ƙara taka ƙofarki!"

Washegari Lume ta je kotu ita kaɗai, don lauyar tana wata shari'ar. Ta tsaya a tagar ƙorafi ta zazzage duk Italiyancinta na gidan burodi. Ma'aikacin ya saurara, ya sosa sanƙonsa, ya ce bai gane komai ba, sai an kira tafintan da ke aiki ranar. Agogo yana ta cin lokacin tashi. Ƙofa ta buɗe.

Petrit ne ya shigo.

Lume ta juyo ta dube shi. In ya gutsure mata magana kamar yadda ya yi wa ɗanta, ba za ta ma sani ba. Ma'aikacin ya ɗaga biro yana jira.

"Faɗi, uwar Gezim," in ji Petrit, idonsa na kan bango.

"Ka ce masa na zo ƙarar tafinta. Sunansa Petrit. Ya ɓoye abin da ɗana ya faɗa."

Ya fara. Ta kafe bakinsa da ido kamar mage da ramin ɓera. Ta ji ya ce Petrit, yana nuna ƙirjinsa. Ma'aikacin ya ɗago kai, biro ya tsaya. Sannan ta ji Marku. Ta ƙara jin Marku. Ita jimla uku ta yi, shi kuwa sai da ya cika wa mutumin shafi, gumi na bin wuyan rigarsa. Da ta sa hannu, shi ma ya karɓi biron ya sa nasa a ƙasa. Bai dube ta ba ya fita.

An cire Petrit daga aikin kotu. An ba Gezim sabuwar rana da wata tafinta daga wani gari, kuma har yanzu ana jira. Rabin unguwa sun daina gaishe da Lume, amma burodinta suke ci, ta hannun maƙwabta. Almakashin ya dawo, wani ya ajiye shi a bakin tagarta ba saƙo.

Na same ta tana murza ƙullu, na ce, "Yaya Lume, a nuna mini kwalbar mana. An ce harshen har da Girkanci yake yi in an girgiza."

Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Da yankan harshe nake yi, da naka na fara. Kwalba ba za ta ɗauke shi ba, gangar da zan jefa shi ciki ce ban samu ba."