Ranar da Baturen Finland ya ce ni "kollega" ne

"Me maigadi yake yi a teburin injiniyoyi?"

Sabon manajanmu ne ya jefo tambayar, ni kuwa ga gahawa a hannuna. A Doha, ƙara ɗaya wajen kafil, ubangidan da ya ɗauki nauyin zamanka, ta isa a mayar da kai Kano.

Gadi nake yi a wani ofis a unguwar West Bay. Lokacin korona kowa ya koma gida, aka bar ni da Malam Mika, wani dattijon injiniya ɗan Finland. Kullum ƙarfe goma sai ya dafa gahawa ya kira ni, wai a ƙasarsu ba a sha a bar wani a tsaye. Nakan miƙa hannu biyu daga bakin ƙofa, ya ƙi ba ni sai na zauna. Har ofis ya sake cika gab da gasar kofin duniya, bai fasa ba.

To ranar nan, dattijon ya dubi manaja ya ce, "Kollega ne. Abokin aiki. Tsohuwar kalmar Latin ce, da mu da 'yan Sweden da Norway duk ita muke faɗa."

"Maigadi ne fa!"

"Ranar da zazzaɓi ya kayar da ni a ɗakin nan, shi ya kira motar asibiti. Yalla Sani, sha kafin ta huce."

Na sha.

Sai na tuna Baba maigadin makarantarmu. Shekara shida yana buɗe mini ƙofa, ban taɓa tambayar sunansa ba. Ku fa, kun san sunan naku?