Yatsan Oom Stoffel

Ni na fitar da Oom Stoffel Terblanche daga gasar harbi. In aka maimaita yau haka zan sake yi, amma har gobe abin yana cin raina.

Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne a nan Kroonstad, inda muke ce wa dattijo Oom, wato kawu. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun ƙaura Ostareliya, abin da ya rage masa a duniya wata tsohuwar fistol ce ƙirar Suwizalan, ta harbin saiti. An sassaƙa mariƙinta daidai tafinsa na dama, kowa ya riƙe sai ya ji kamar ya sa takalmin wani. Kunamarta kuwa laushi ne da ita, ko kallon banza ka yi mata tana iya tashi. Tun ina yarinya nake ganinsa a filin harbi, hannun hagu a aljihu, na dama a miƙe, ya ɗauke numfashi, ya yi ta lallaɓa kunamar har ka gaji da kallo. Harsashi biyar, rami ɗaya. Shi ya koya mini riƙon bindiga.

Sai tsofaffin ƙungiyarsu ta harbin saiti suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ƙungiyar ta watse. Ga lasisinsa na ɗan wasa ya kusa ƙarewa, kuma ba a sabunta irinsa sai wata ƙungiya ta shaida kana fitowa gasa. Tamu kaɗai ta rage a kusa, mu kuwa harbin gudu muke yi: agogo ya yi ƙara, ka kayar da farantan ƙarfe, ka ruga gaba ka kayar da wasu. Shugabanninmu suka ce ya kammala gasa ɗaya lafiya, ko da shi ne na ƙarshe, su tsaya masa. In ba haka ba, bindiga ta tafi hannun 'yan sanda.

Teboho Sekhonyana, bakaniken da ya fi kowa sauri a cikinmu, ya tare shi wajen gashin nama.

"Oom, wannan tsohuwar amaryar taku ba ta san gudu ba. Ku ari tawa mana."

"Taka? Wannan robar? Ku ai feshi kuke yi, kamar masu kashe sauro."

"To mu dai muna gamawa kafin nama ya huce."

Aka yi dariya, ni ban yi ba. Ni ce alƙaliyar fili, na san inda gizo ke saƙar. Mai harbin saiti tun yana ɗaga hannu yake ɗora yatsa a kan kunama, haka aka koya musu, haka suka tsufa. A wurinmu kuwa, muddin ƙafarka ta motsa, yatsa waje. Na ja shi gefe.

"Oom, don Allah yatsan nan. In za ku taka, ku fitar da shi."

"Ansie, tun ba a haife ki ba yatsan nan yake kan kunama. Bai taɓa yi mini gardama ba."

Taurin kai ke nan, wai ni zai koya wa aikina! Amma kullum da yamma ina hango shi a farfajiyar gidansa yana kai da komo, bindiga ba harsashi, yatsa a miƙe, yana koya wa hannunsa sabon karatu.

Ranar gasar, Asabar da hantsi, layi ya zo kansa. Agogo ya yi ƙara, Oom ya cusa hannun hagu a aljihu. Matasa suka fara ƙus-ƙus, wani ya ce a kawo masa kujera da shayi. Ya harba, faranti ya faɗi. Ya sake. Duk biyar ɗin a tsakiya ya same su. Ya sake ɗura harsashi a natse, ya nufi wuri na biyu, ina biye da shi. Da farko yatsan yana waje, na gani da idona. Sai wani daga baya ya yi ihu, "Sauri, Oom!" Tsoho ya ɗaga ƙafa zai yi sassarfa, yatsan ya koma inda ya saba.

Tau! Ƙasa ta tashi dab da takalminsa.

"Tsaya!" na ce. "Ku fitar da harsashi, ku nuna mini."

Ya juyo da fuskarsa kawai, bakin bindiga yana gaba yadda ya kamata.

"Ba ni na harba ba," in ji shi. Ya dubi hannunsa. "A'a. Ni ne."

Teboho ya matso, murya ƙasa-ƙasa, ya kira ni 'yar'uwa da yarensu. "Ausi, haba. Ba wanda ya ji ciwo. Ki ce ba ki gani ba."

"In ce ban gani ba? Gobe ya huda ƙafarka, kai za ka gaya wa matarka ban gani ba?"

Na faɗi hukuncin fitar da shi daga gasar da ƙarfi yadda doka ta ce. Da na san wanda ya yi ihun nan, wallahi da na shaƙe shi. Shugabanni suka ƙi tsaya masa, shi kuma bai roƙi kowa ba.

Da lasisin ya ƙare, ni ya kira in kai shi ofishin 'yan sanda, don bai yarda ya tuƙa kansa ba. Ya sa kwat ɗinsa na coci, ya goge bindigar tas. Sajan ɗin da ya karɓa ya jujjuya ta, ya ce irin wannan narkar da su ake yi, sannan ya tambaya ko tana da wata matsala.

"Ita lafiyarta ƙalau," in ji Oom Stoffel. "Ni ne na lalace."

Na mayar da shi gida.