Tsidau a bargar Ba Kalli

Ba Kalli mutumin wani ƙauye ne kusa da Gueskérou, a bakin kogin Komadugu. Manomin tattasai ne tun tasowarsa, amma da doki aka fi saninsa. Shekarar da zaman bakin kogi ya gagara, ya taso da matarsa Yakaka da goɗiyarsa kili, suka sami ɗan fili a bayan garin Diffa. Kafin ya yi wa kansa ɗaki sai da ya kewaye wa goɗiyar barga da ƙaya da zana.

Aibin filin guda ne: tsidau. Da ruwan farko ya sauka sai ya shimfiɗe bargar kamar tabarma, ya yi fure rawaya, ya zubar da ƙaya. Karangiya kuma ta bi gindin shinge tana maƙale wa goɗiyar a geza da wutsiya. Ba Kalli ya nome, ya tara ya ƙone, amma wurin ya sha taki, kafin ka juya ciyawar ta dawo. Ga gwiwa ta fara ba shi wahala.

Da goɗiyar ta haihu, ya ga duƙushin yana kwanciya yana tashi da ƙaya a jiki, sai ya tafi kasuwa wurin Halilu, wani ɗan Damagaram mai shagon kayan noma. Halilu ya miƙo masa maganin feshi ya ce, "Ba Kalli, wannan ba ya barin kore ko ɗaya. Ka fid da dabbobi, kuma kar ka fesa in ana iska."

Ba Kalli ya kai dawakin gindin wata bishiyar bedi ya ɗaure. Da safen akwai iska daga gabas, ya ji ta sarai. Amma famfon feshin na aro ne, mai shi yana jira. Ya fesa.

A bayan shingen akwai ɗan lambun Ya Mairo, wadda rikici ya koro daga wajen Yébi bayan rasuwar mijinta. Kuɓewa ce da yakuwa da rama, da su take miya, ta sayar da ragowar. Bayan 'yan kwanaki ganyen ya yi rawaya ya lanƙwashe. Sai ga ta da sallama, riƙe da reshen kuɓewa.

"Ba Kalli, kai ka san shuka. Duba mini, cuta ce ko irin ne ba shi da kyau?"

Ya karɓa yana jujjuyawa. Kamannin ganyen ɗaya ne da na tsidau ɗin da ke mutuwa a bayansa. Ya ce, "Sai haƙuri, Ya Mairo. Shuka takan yi haka."

Tun daga ranar nan tuwo ya daina wuce masa. Ya bar bin hanyar ƙofarta in zai je masallaci. Yakaka ta zuba masa ido, har ran da ta ajiye masa kwano ta ce, "Malam, ni ma na ga inda iskar nan ta nufa. In ba za ka iya ba, ni zan je."

Tare suka je. Ya durƙusa daga bakin zana ya faɗi yadda aka yi, har da gargaɗin Halilu.

"Da ka faɗa mini ran nan," in ji Ya Mairo, "da ban kira ƙanwata a N'Guelbély na zarge ta da aiko mini da ruɓaɓɓen iri ba. Har kuka ta yi. Allah ya yafe mu gaba ɗaya."

Damina ta riga ta yi nisa, kuɓewar bana ta wuce. Da sanyi ya shigo, ya kwashe mata taki a baro, ya gyara mata fangali, ya ba ta irin tattasai da ya zo da shi daga ƙauye. Ta karɓa ta yi godiya, suna gaisawa, sai dai hirar bakin shinge ba ta koma kamar da ba.

Sauran maganin ya mayar wa Halilu. Yanzu a kan 'yar kujera yake zama da hauya, yana tuge tsidau tun kafin ya yi fure, ya matsa gaba kaɗan, ya huta. Yakaka ta ce ya sayar da duƙushin ya rage wa kansa aiki. Ya ce sai bayan damina, a ga yadda gwiwar za ta yi.