Malam Babagana, Ka Tafi Ka Bar Ni da Wayar Babur Ɗinka

Daga Allah muke, kuma gare Shi makomarmu take. A ranar Talata, 9 ga Satumba, 2025, cikin watan Mauludi, Allah Ya karɓi ran Malam Babagana na unguwar Sheshe, marubucin Alƙur'ani da hannu, bayan gajeriyar jinya. Labarin ya iske ni a shagona da ke Ƙofar Dawanau, na kwance wayoyin kan babur ɗinsa ina ta mita ni kaɗai. Na ajiye filaya, na yi salati, na rufe shago na tafi jana'iza.

Malam, yau da kai zan yi magana, tunda da ranka ba ka taɓa bari na kai ƙarshen zance ba.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Muttaka mai gyaran wayar babura, wanda mutane ke kira Rewaya. A aji uku na sakandare karatuna ya tsaya. A gindin darbejiya na fara sana'a da filaya ɗaya da sukudireba ta aro, yau kuwa shagona ƙofa biyu ne, kuma daga Kurmi har Dawanau an san hannuna. Tun da na fara ban taɓa mayar wa mutum babur na ce ya gagare ni ba. Naka ne ya so ya zubar mini da wannan suna.

Ba zan manta alherinka ba. Lokacin da ba mai yarda ya ba ni babur ɗinsa, kai ka turo naka tun daga Sheshe, ka zauna a kan benci kana kallona, ka ce, "Injiniya, bismilla." Daga ranar ba ka sake kirana da sunana a gaban mutane ba. Da ruwa ya cinye mini rumfa, a zaurenka na ajiye kayan aikina har damina ta wuce. Kai ka yi wa 'yata ta fari huɗuba. Da mahaifiyata ta kwanta ciwo kullum sai ka zo, ka zauna daga bakin ƙofa kana karatu a hankali har ta samu barci. Ba ka taɓa tuna mini ko ɗaya daga ciki ba.

To amma, Malam, taurin kai!

Bara kafin azumi wani mai talla ya same ka a bakin Kurmi da fararen ƙwayayen fitilar nan na LED. Ya ce maka sun fi haske, kuma ba sa shan wuta. Ta farko gaskiya ce. Ta biyu rabin gaskiya ce, kuma ita ka riƙe kamar karatu. Ba ka zo wurina ba. Ka koma gida ka cire ƙwan gaba da na baya da na tirafiketa huɗu, ka sa sababbi da hannunka. Washegari ka iso shagona fitilar gaba tana ƙiftawa kamar mai ciwon ido.

Na yi maka bayani. Tsohon babur irin naka, fitilar gaba daga inji take shan wuta kai tsaye, wutar tana hawa tana sauka yadda inji ke juyawa. Tsohon ƙwai yana haƙuri da hakan, LED ba ya yi. Na mayar da ita kan batir ta bi ta makulli, haskenta ya tsaya cak. Ba a jima ba ka dawo: tirafiketa ta daina ƙiftawa, in ka kunna ta hagu sai huɗun su kama tare. Wannan ma sananne ne, sababbin ƙwayayen ba su da nauyin da zai motsa tsohuwar filasha, wato abin da ke sa tirafiketa ƙiftawa. Na canza filasha, na raba wayar hagu da ta dama. Na ce maka, "Malam, an gama. Don Allah kada ka ƙara taɓa komai." Ka yi murmushi, ka miƙo mini dabino.

Daga nan aka shiga abin da ya hana ni sakewa shekara guda da rabi. Batir ya riƙa mutuwa. Ka tafi da shi cike, gari ya waye hon ba ya ko tari. Na sa sabo, ya bi sahun tsohon. Na auna cajin inji, lafiya lau. Na canza fis, na kankare wayar da ke kama jikin ƙarfe har tana ƙyalli. In babur ya kwana a shagona ba abin da ke samunsa, in ya kwana a Sheshe sai ya dawo a ture. Da damina ta sauka abin ya ƙara lalacewa: fitilar baya takan kama da kanta alhali makulli yana aljihunka. Rani na shiga, wannan ya ɗauke. Damina ta dawo bana, ya dawo. Masu shayin gefen shagona suka fara cewa babur ɗin Malam yana da mutanen ɓoye. Wani har ya ce mini, "Rewaya, wannan ba aikin filaya ba ne, a nemo mai ruƙiyya." A gaban kwastomomina!

Sau nawa na tsare ka na ce, "Malam, tsakaninka da Allah, ka taɓa wayar nan?" Kai kuwa ba ka ƙarya, shi ya sa ba ka taɓa cewa a'a ba. Sai dai ka ce, "Allah Ya ba ka haƙuri, Injiniya. Ya jikin mai ɗakin naka?"

Da na je duba ka a kwance, ka kama hannuna, kuma ranar ce ka kira ni da sunana. Ka ce, "Muttaka, Anas ne zai riƙa hawa. Makarantar da yake koyarwa tana can bayan Dawanau, in ba babur aikin zai kuɓuce masa. Kada ka bar shi da wahala." Anas babban ɗanka ne, kuma shi ne zai riƙe gidan. Na ce maka na ɗauka. Na tura babur ɗin zuwa shago, ban kai ga komai ba aka ce ka cika.

Tun ba a tashi daga zaman makoki ba ƙaninka Alhaji Bashir ya ja ni gefe. Ya ce, "Malam Muttaka, ka yi iya ƙoƙarinka. Abin nan ya zama ƙarfe. A ba 'yan gwangwan su auna, a huta." Ban ga laifinsa ba, shi ma ya sha tura shi. Amma na ji maganar har cikin ƙashina. Maiɗakinka, Malama Hassana, ita ta aiko daga cikin gida ta ce a dakata tukuna, a ji ta bakina.

Ranar sadakar uku muna zaune a zaurenka bayan la'asar, hadari ya haɗo, wuri ya yi duhu. Na ɗaga kai. Daidai saman buzun da kake zama ka yi rubutu, sai ga ɗan farin ƙwai yana rataye. Na bi wayarsa da ido: ta bi bango, ta sauko, ta ƙare a kusurwar da kake jingine babur. Na tashi a tsakiyar mutane na je na taɓa. Mahaɗin wayar ba salatef a jikinsa. Zare ne aka naɗe tsaf, aka shafe shi da ƙaro, irin wanda kake jiƙawa ka haɗa tawada.

Na kira Anas waje na ce, "Wannan mene ne?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba Muttaka, idonsa ne ya yi rauni. In an ɗauke wuta ba ya ganin wasali. Shi ne yake jonawa da babur ya ci gaba da rubutu. Ya ce ai ba ya shan wuta."

"Me ya hana ku faɗa mini?"

"Ya hana. Ya ce in ka sani za ka cire, kuma za ka je ka sayo masa sola, shi kuma ba ya son ɗora maka nauyi."

Malam! Nauyi? Shekara guda da rabi ina kwance babur ina ɗaurawa, ana yi mini dariya a bakin shagona, wai don kada ka ɗora mini nauyi. Da ka buɗe baki, da yini ɗaya ya ishe ni.

Washegari na sauke tankin mai, na bi damin wayar da ke ƙarƙashinsa da farce. Can na iske aikinka. Ka fasa damin, ka ciro wuta tun kafin makulli, ka naɗe da baƙin zare, ka shafe da ƙaro mai tawada, ka ɓoye bakin wayar a bayan ƙarfe. Wallahi naɗin ya fi na kamfani kyau, kuma ina ƙalubalantar duk wani rewaya a Kano ya ce da ido zai gane shi. Hannun da ya saba jan layin Alƙur'ani ne ya yi. Sai dai ƙaro ba salatef ba ne. Da rani yana bushewa ya yi tauri. Da damina yana jan laima ya yi danƙo, wuta ta riƙa tsallakawa daga wannan waya zuwa waccan, tagulla ta yi kore. Ga mutanen ɓoyen da ake faɗa. Har wayar fitilar baya da ta goge a wurin, haka ka yi mata ɗinki.

Na yanke duka, na ja sabuwar waya, na yi dalma, na rufe yadda ya kamata. Na kai babur ɗin Sheshe da kaina ya kwana a zaurenka, ruwa kuma ya kwana yana zuba. Da safe, a gaban Alhaji Bashir, na ce Anas ya murɗa makulli. Hon ya yi ƙara har maƙwabta suka leƙo. Tirafiketar hagu ta ƙifta ita kaɗai, ta dama ita kaɗai. Alhaji Bashir ya ce, "To, Allah Ya sa albarka." Anas ya koma bakin aikinsa. Alƙawarinka na sauke, Malam.

Na ɗauka na huta. Shekaranjiya sai ga Anas a shago, yana sosa ƙeya, murmushinsa irin naka sak. Ya ce akwai Alƙur'anin da ka bari ba ka kammala ba, yana so ya ƙarasa da hannunsa, zauren kuma ba haske. Ya ce, "Baba Muttaka, ko akwai yadda za a ɗan jona da babur?"

Na ce, "Kai ma?"

Jiya na hau rufin zauren da kaina na kafa sola, da batirinta daban, da makunninta a bango. Na ce masa in ya kuskura ya kusanci wayar babur da zare, ni da shi ne. Abin da ka guje mini shi na yi, kuma ba ka nan balle ka hana.

Allah Ya jiƙanka, Malam Babagana. Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa kowane harafi da ka rubuta ya zame maka mai ceto. Na yafe maka wahalar da ka ba ni, duniya da lahira, kai ma Allah Ya sa ka yafe mini faɗan da na sha yi maka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Malama Hassana, da Anas da 'yan'uwansa, da Alhaji Bashir, da jama'ar Sheshe baki ɗaya. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani. Amin.

Muttaka Rewaya
Ƙofar Dawanau, Kano