Injiniya Sabo da iskar zauren saƙa

Bana shekara talatin ke nan da rasuwar abokina Injiniya Sabo Garba, Allah ya jiƙansa. Mun yi aiki tare a wata masaƙa da ke Sharada a farkon shekarun tamanin, ni ina kula da sashen saƙa, shi yana kula da injuna.

Damuwarmu a lokacin ƙurar auduga ce. Zauren saƙar dogo ne mai rufin kwano, kuma duk wanda aka ajiye a ƙarshensa na gabas ba ya daɗewa tari zai kama shi. Yawancin ma'aikatan 'yan ƙauyukan kusa ne da mutanen Nijar, ba sa ƙorafi don gudun kora. Manaja ya ce a ƙara fankoki. Sabo ya roƙi a dakata sai an san inda iskar take bi tukuna.

Abin da ya karanto ke nan, lissafin tafiyar iska da ruwa ta hanyar kwamfuta. Ya zana zauren, ya yayyanka shi ƙananan akwatuna, don a lissafa iskar da ke shiga kowane akwati da wadda ke fita. Hannu ba zai iya wannan ba, masaƙar kuma ba ta da kwamfuta. Sai ya riƙa kai lissafin zuwa wata jami'a a kan katuna masu huji da kwamfutar lokacin ke karantawa, ya bi layi. Kuskuren harafi ɗaya kan sa a sake daga farko. Manaja ya gaji, ya faɗa masa in damina ta wuce babu amsa, ya nemi wani aikin.

Amsar ta zo. Iska tana shiga ta ƙofar yamma, in ta kai gabas sai ta tsaya tana kewaya wuri ɗaya, ƙarin fanka kuwa juya ƙurar kawai zai yi a hancin mutane. Sabo ya nemi a buɗe rufin a wuri biyu. Manaja ya tambaye shi ko ya tabbata.

"Ranka ya daɗe, kwamfuta ba ta san komai ba sai abin da na faɗa mata," in ji shi. "Ku bari mu gwada da hayaƙi."

Aka tsayar da injuna, aka ƙona tsumma a cikin bokiti. Hayaƙin ya bi hanyar da ya zana, ban da wani lungu kusa da sito. Nan take ya ce a wannan wurin, lissafinsa bai yi daidai ba.

Wuri ɗaya aka yarda aka buɗe. Tarin ya ragu, bai ƙare ba. Malam Idi, wani masaƙi ɗan Zawaciki, ƙirjinsa ya riga ya lalace, bai kai wata daminar ba. Bayan 'yan shekaru masaƙar ta rufe, Sabo ya koma gyaran famfunan ruwa har ajalinsa ya zo.

Yanzu jikata tana karatun injiniya. Takan nuna mini iska tana yawo kala-kala a kwamfutarta, aikin watanni ya ƙare kafin shayi ya huce. Da Sabo zai gani, ina jin zai yaba, sannan ya tambaye ta wace masaƙa ce ta rage da za a yi wa.

Bai bar littafi ba, bai bar gini da sunansa ba. Amma nakan haɗu da wasu daga cikin masaƙan ƙarshen gabas a masallacin Juma'a, sun tsufa, suna zuwa da ƙafarsu. Yawancinsu ba su san dalilin da aka buɗe rufin nan ba.