Sunan da Ake Faɗa wa Tukunya

Ya kamata in fara da cewa ban amince da ƙwaƙwalwata gaba ɗaya ba. Ina yaro lokacin da yawancin abubuwan nan suka faru, kuma karatun jami'a ya koya mini cewa mutum yakan tuna abin da bai faru ba har ya rantse a kai. Saboda haka duk inda na ce "ina jin", da gaske nake, ba ni da tabbas.

A Arba wa Nus, wata unguwa a gefen Alƙahira, muka tashi, a hawan ƙarshe na wani gida da ba a gama gininsa ba, rodi tsaye a kan rufin yana jiran hawan da har yau bai zo ba. Mu Hausawan Sudan ne. Kakannimmu sun taso daga yamma da niyyar aikin hajji, suka tsaya a bakin kogi su yi noma kaɗan, ba su sake tashi ba sai da rayuwa ta koro mu Alƙahira. Kakarmu, wadda muke kira Haboba yadda 'yan Sudan ke kiran kaka, ba ta taɓa yarda da murhun gas ba. In sanyi ya shigo, ana idar da magariba sai ta sa a hau mata da murhunta na gawayi kan rufi. Nan muke zagaye ta: ni, da Yaya Nafisa 'yar kawuna, da yaran maƙwabta, wani lokaci har da ɗaliban Nijar na hawan ƙasa, waɗanda gaisuwarsu kullum take dacewa da lokacin kwashe tuwo. Jirage na wucewa ƙasa-ƙasa za su sauka, mu ko ɗaga kai ba ma yi.

Tuwonta ba irin na kowa ba ne. Takan yanka ɗanyar kuɓewa ta tafasa, ta tsame ta, ta yi talge da ruwan yauƙin, ta tuƙa garin masara, sannan ta mayar da kuɓewar cikin tuwon ta sake tuƙawa har ya yi santsi. Ɗaya daga cikin ɗaliban ya taɓa tambayar ta ko miyar ce ta faɗa tukunyar tuwo bisa kuskure. Ta ce masa, "Ci ka yi shiru, malamin gobe, ba kai ka sayi gawayin ba." Amma kafin muciya ta shiga tukunya, sai ta ƙwanƙwasa ta a bakin tukunyar, ta sunkuya cikin tururi, leɓɓanta na motsi. Na daɗe ina zaton bisimilla take yi.

Tatsuniyar ce ta nuna mini ba haka ba ne. Haboba tana da nata salon buɗewa. Takan ce ga ta nan ta sha tafiya, mu kuma mu ce ta sauka mu ba ta ruwa.

Wai akwai wata mata mai 'ya'ya biyu mata da tukunya ɗaya tak, don ta miyar ta fashe a shekarar yunwa. Shi ya sa take haɗa kuɓewa da tuwo wuri guda, haka kuma 'ya'yan suka koya. Wata rana mahara suka faɗa wa garin, suka kama ƙanwar suka yi yamma da ita, aka yi ta sayar da ita hannu zuwa hannu har bakin babban ruwa. Yayar, Kande, ta bi sawu. Ta tambayi ruwan ina ƙanwarta, ruwan ya ce shi yana ɗaukar mutane amma ba ya riƙe sunayensu. Sai ta roƙi shamuwa. Shamuwa ta tafi, damina ta zagayo ta dawo, ta ce can ƙetare ta ga wata mata tana tuƙa kuɓewa cikin tuwo. Ta kira ta da sunan da Kande ta ba ta, matar ba ta waiwayo ba, don an sa mata wani suna har ta manta nata. Kande ta yi kuka ta ƙoshi, sannan ta ce to, ita za ta riƙe mata shi. Tun daga ranar, duk tuwon da za ta tuƙa sai ta faɗa wa tukunya sunan. 'Yarta ta ƙara na Kande a kai, jikarta ta ƙara na uwarta, har ya iso kan Haboba.

Kullum sai na tambayi sunan ƙanwar, kullum kuma sai ta hana ni. Ta ce ba a faɗinsa a tatsuniya, sai a kunnen wadda za ta gaji muciya. Nafisa takan yi mini gwalo. Sai Haboba ta nuna ta da muciyar ta ce, "Ke mai gwalo, ranar da kika ga baƙuwa ta ƙetaren ruwa tana tuƙa irin wannan, ki gaya mata sunan. Nasu ne, ajiya muke yi."

Haboba ta rasu ina shekarar farko a jami'a. Muciyar ta koma hannun Nafisa, wadda a lokacin take aikin girki a gidan wani ma'aikacin ofishin jakadanci a unguwar Dokki. Can ta iya Turanci, ta fi ni iyawa ma. Daga baya ta bar unguwa, zumunci ya koma na waya.

Bara, ina jin cikin bazara ne, wani abokina ya ja ni bikin abincin ƙasashe da ake yi a wani lambu a Dokki. Ina cikin zagayawa na hangi muciyar kafin in ga mai ita, don gefe ɗaya na bakinta a ƙone yake. Nafisa ce, da ɗaurin kallabi mai launuka irin wanda ban taɓa gani a kanta ba, ga allo a bayanta an rubuta abincin Karebiyan. Tuwon Haboba take zubawa, da miyar kifi a gefe, da zoɓo mai citta da kanumfari. Tana ba masu saye labarin 'yan'uwa biyu da shamuwa, sai dai a nata bakin kakar tata haifaffiyar tsibiran can ce, a can kuma ta koya mata.

Ina tsaye wata dattijuwa ta zo daga rumfar kusa, 'yar tsibirin Barbados na Karebiyan, uwar matar wani ma'aikaci da ta zo ziyara. Ta ɗanɗana tuwon. Sannan ta ce haka mahaifiyarta take yi, masara da kuɓewa, kuma su ma suna da icen tuƙawa da ba a taɓa komai da shi sai wannan. Ta karɓi muciyar ta juya ta a hannu. Ta ce tun tana yarinya ake gaya musu daga Afirka abincin ya zo, amma ba ta taɓa haɗuwa da wanda zai nuna mata daga wane gida ba. Ta tambayi Nafisa wace ce ta koya mata, 'yar wane tsibiri ce.

Na ce a raina yau ranar Haboba ta zo. Nafisa ta yi murmushi, ta faɗi wani suna na Turawa da ban taɓa ji ba.

Na matsa, da Turancina na takarda, na ce kakarmu ɗaya, Bahaushiya ce daga Sudan, kuma akwai saƙo da aka ba mu. Nafisa ta yi dariya, ta gaya wa matar cewa ni mai kawo mata tukunyar gas ne, ina son surutu. Dattijuwar ta dube ni da tausayi, ta miƙa muciyar, aka kira ta a rumfarsu ta tafi. Da na neme ta bayan an watse, sun riga sun kwashe kaya.

Bayan rumfa Nafisa ta ja ni. Ta ce, "Khalas, ya isa haka, Sani, kada ka ɓata mini kasuwa. Wa zai sayi tuwon Arba wa Nus? In na ce Sudan, sai su tambaye ni takardar zama. In na ce Karebiyan, sai su nemi hoto da ni." Na ce mata ba kasuwar nake magana ba, sunan kawai, ko a kunne ta faɗa wa matar. Ta ce tatsuniya ce, in girma.

Na yi ƙoƙarin yi mata adalci. Na san abin da ake kiran mai fatarmu a cikin motar haya, na san kuma ita ta sha shi fiye da ni. Wataƙila ma Kande ba ta taɓa rayuwa ba, ba ni da wata hujja da malamaina za su karɓa. Amma da ina yaro na ɗauka darasin tatsuniyar shi ne mahara miyagu ne. Yanzu ina ganin Haboba ba su take tsoro ba. Su suna ɗaya suka raba da mai shi, aka kuma riƙe shi tsawon zamani a bakin tukunya, aka bi da shi ta sahara da kogi har kan rufin nan. Wadda aka ba ajiyar ce ta tsaya gaban mai ita ta ce ba ta san zancen ba. Abin da ya faru a lambun ban ce "ina jin" a kansa ba, don da idona na gani.

Ina roƙon duk wanda ya taɓa zama a wannan rufi, cikin maƙwabta ko ɗaliban da suka koma Nijar, ya aiko mini da gyara in na kuskure. Musamman matan da suka taɓa riƙe wa Haboba tukunya: in kunnen wata ya tsinci sunan cikin tururi, ta taimaka ta gaya mini. Ni ina jin kamar Delu na taɓa ji, amma jirgi na wucewa a lokacin. Yaya Nafisa, ke ce kika san daidai.